Faransancin Kawu Mamman

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Kawu Mamman makwancinsa a Sabon Birni, kuma har yau ban ga mai shirga ƙarya da nake ƙauna kamarsa ba. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe mini.

Ƙanin mahaifiyata ne, ɗan kasuwa mai kai gero Nijar. A wata tafiya ya dawo da talabijin mara kala, ya haɗa ta da batirin mota, ya ɗaure eriya a kan gora. In ya juya gorar yamma, mu kama Sakkwato mu sha wasan kwaikwayon Hausa, wanda har gobe tsofaffin unguwarmu ke tsokanar juna da sunayen 'yan wasansa. In ya juya ta arewa, sai tashar Nijar.

A can ake nuna wani shiri duk Alhamis bayan la'asar, labarin matuƙin jirgin ruwa da ya bar matarsa ya shiga duniya. Da Faransanci ake yi, Kawu ne tafinta. Faransancin nasa bai wuce na ciniki da gaida jandarma ba, amma mu ina muka sani? Bature ya zuba dogon zance, mata su ce, "Mi yac ce, Alhaji?" Ya gyara hula ya ce, "Cewa yay yi gida za ni, ko da a ƙasa ne." Shirin ya shiga ran mutane har duk magidancin da ya daɗe a fatauci sai a laƙaba masa Matuƙi. Ranar kashi na ƙarshe hadari ya kayar da gorar, ba mu ga komai ba. Kawu ko gezau. Ya ce ai ya riga ya gani a Maraɗi: mutumin ya koma gida, ya iske matarsa tana daka.

Saboda shi na karanta Faransanci, yau shi nake koyarwa a garin Isa. Bara na tono shirin a waya, na yi dariya har da hawaye. Matuƙin bai taɓa ambaton gida ba. A ƙarshe ma mutuwa ya yi a wata ƙasa, aka aiko wa matar takarda.

Na tabbata da Kawu zai ga zamanin nan, ba wayar za ta ba shi haushi ba, don yana son sabon kaya. Abin da zai ƙona masa rai shi ne kowa ya duƙufa a kan tasa, ba mai juyowa ya tambayi na kusa da shi me aka ce.

Matar Kawu, Inna Hajo, tana nan da rai. Autanta Lawali ya tsallaka Nijar neman aiki, ya nausa arewa, shekara uku ke nan ba ko gaisuwa. Kullum takan ce ai Matuƙi ma ya dawo. Da ta ji na sami shirin, ta aiko a kira ni, ta ce in nuna mata ƙarshen da hadari ya hana ta gani. Na san abin da ke ciki, amma ba a ce wa Inna a'a.

Muka zauna a inuwar rumbu. A cikin shirin, matar matuƙin ta buɗe takarda, ta fashe da kuka.

"Mi aka rubuta mata?" in ji Inna.

Na ce, "Wai yana bisa hanya, Inna. Kukan murna ne."

Ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba. A nan na gane abin da Kawu ya bari. Ya san matan da ke zaune gabansa duk matan fatake ne, masu zuba ido a hanya, shi ya sa bai taɓa barin matafiyi ya mutu a bakinsa ba.

Inna ta ɗaga ido daga wayar. Sannan ta ce, "Ɗana, na san kukan murna, wanga ba shi na ba. Kawunka ya hi ka iyawa nesa." Ta share ido da bakin mayafi, ta matso kusa. "Amma maido shi baya, ka sake gaya mini."