Ruwan Teruo Ya Ƙi Nuna

Fumie a gidan wankan jama'a ta tashi, a nan ta yi aure, a nan ta tsufa. Gidan na mahaifinta ne, a wata unguwa bayan tashar jirgin ƙasa a birnin Niigata. Mijinta Teruo yana can baya wajen wuta yana ɗumama ruwa, ita kuma tana gaba da buroshi da bokiti. Duk unguwar an san halinta: in ta hango silin gashi a bakin magudana, sai ta cire shi kafin ta amsa gaisuwa. Da kowa ya samu bahon wanka a gidansa, masu zuwa suka ragu, suka rufe wurin suka kama ɗan gida a bene. Hannunta dai bai ji labarin an rufe ba. Har gindin tukunyar shinkafa sai ta dirje shi.

Teruo kuwa zama ya ishe shi. Wata rana ya shigo da tankin gilashi na kiwon kifi, ya ɗora kusa da taga. Ya zuba baƙar ƙasa, ya jera duwatsu da wani busasshen reshe, ya dasa ciyayin ruwa ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki. A bayan tankin ya rataya akwatin tace ruwa mai ƙara kamar kyanwa tana barci. Abin ya yi kyau, Fumie ma ta yarda. Sai dai mako ya wuce, wani ya biyo, babu kifi ko ɗaya.

Rannan da safe ta fito da shayi, ta tarar da shi yana barbaɗa abincin kifi a cikin ruwan.

"Baban Kanae, wa kake ciyarwa?"

"Masu gidan."

"Ina suke?"

"Ido ba ya ganinsu. Sai sun yi yawa ruwan zai nuna. In na sa kifi yanzu, kashinsu ne zai kashe su."

"Ruwa ne zai nuna? Kankana ce?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Yayansa Shozo haka ya fara. Tun ana ganin abin wasa ne, yana ajiye wa wani kare da ya daɗe da mutuwa abinci a bakin ƙofa. Yau Shozo yana gidan kula da tsofaffi, in Teruo ya je dubiya sai ya tambaye shi ko shi ne mai gyaran wuta.

Daga ranar Fumie ta sa masa ido. Ta lura da inda yake ajiye makulli. Ta riƙa jefa masa tambayar sunan jikokinsu a tsakiyar cin abinci, yana amsawa yana kallonta. Ta kira 'yarsu Kanae a waya tana magana ƙasa-ƙasa, Kanae ta ce, "Mama, in ya ci gaba ki gaya mini, in zo mu kai shi a duba kansa."

Sai kuma ga shi da wani soso a leda, ruwan ƙasa, yana warin laka. Wai matar da ke shagon kifi ce ta ciro masa daga tsohon tankinta. Ya cusa shi a akwatin tace ruwan kamar wanda ke kwantar da jariri.

"Fumie, kada ki taɓa mini tankin nan."

"Me zan yi da tankinka?"

Ba ta kuwa taɓa tankin ba. Amma ran da ya tafi dubiyar Shozo, warin nan ya hana ta sakat. Ta buɗe akwatin, ta ciro soson, ta kai shi famfo, ta sakar masa ruwan zafi tana matsewa har ya yi fari tas, ta mayar da shi yadda ta same shi. A ganinta akwati daban, tanki daban. Haka ta riƙa yi duk ranar dubiya.

Kowace safiya Teruo yakan ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga wani magani, ya ɗaga ta wajen taga. Ya ce in ta yi rawaya ruwa ya nuna, in ta yi ja akwai sauran guba. Kullum ja take yi. Ya koma shagon ya karɓo wani soson, ja dai. Ya rage magana. Wani lokaci ta kan same shi tsaye gaban akwatin a buɗe, yana kallon hannuwansa.

Nan zarginta ya rabu biyu. Ko dai kan mijinta ya fara taɓuwa, ko kuwa matar shagon nan ta samu tsoho tana ɗura masa datti da tatsuniya. Da ya sake ɗaukar hularsa ya ce zai je shagon, ta bari ya sauka, ta zura takalmi ta bi shi daga nesa.

Shagon ƙarami ne, ɗumi da ƙarar ruwa ko'ina. Ta laɓe bayan buhunan ƙasa. Mai shagon, Hoshina, mace ce gajera mai faɗin murya, hannunta jiƙe har gwiwar hannu. Ta tarbi Teruo da sunan danginsu, haɗe da "san" na girmamawa.

"Kuwabara-san! Har yanzu ja? Kai, tankinka ya fi surukata taurin kai."

"Har yanzu."

"Ba dai kana wanke soson da ruwan famfo ba? Na gaya maka maganin da ake zuba wa ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin halittar nan masu cinye guba. Dattin shi ne gidansu."

Teruo ya cire hularsa yana murza bakinta.

"Abin da ya kawo ni ke nan, Hoshina-san. Duk sanda na buɗe sai in ga soson fari. Matata ta ce ba za ta taɓa ba, kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Mu biyu ne a gidan." Ya sauke murya. "Ina jin ni nake wankewa in manta. Yayana haka ya fara. Na ga ma ta fara gwada ni da sunan jikoki. Ki karɓi tankin ki ba wani, kafin in sa kifi in kashe su."

Fumie ta fito da ƙarfi har ta ture gwangwanin abincin kifi.

"Kai tsohon nan, yaushe ka taɓa wanke wani abu ya yi fari? Kofin shayinka ma sai na bi baya!"

Teruo ya juyo, baki buɗe.

"Ni ce. Duk ranar da ka je wajen Yaya. Da ruwan zafi ma."

"Ke kika ce ba za ki taɓa ba!"

"Tanki ka ce. Ka ce akwati?"

Hoshina ta dafe kanta tana ƙyaƙyata dariya. "Uwargida, ai kin yi kisan ƙare dangi! Sau nawa?"

"Ba na ƙirgawa. Wari yake yi." Fumie ta matso ta dube ta ido cikin ido. "Ke kuma gaya mini gaskiya. Da gaske akwai wani abu mai rai a cikin ƙazantar nan, ko haka kike gaya wa duk tsohon da ya shigo?"

"Ni ma ban taɓa ganinsu ba. Amma dubi can." Ta nuna wani tanki cike da ciyayi, ƙananan kifaye masu shuɗin gefe suna yawo a ruwa garau. "Sosonsa ya fi wanda kika wanke muni."

Fumie ta daɗe tana kallon ruwan. Duk rayuwarta ruwa take tsarewa, ta san mai tsabta in ta gan shi.

A hanyar gida ita ta riƙe ledar sabon soson, ta miƙe hannu nesa da rigarta. Teruo yana gaba, hularsa a karkace, yana tafiya da sauri irin wadda ta kwana biyu ba ta gani ba. A bakin gada ya tsaya.

"Ashe har kin kira Kanae?"

"Wa ya gaya maka?"

"Bangon gidan nan takarda ne. Ki sake kiranta."

Ta kira ta da yamma, ta ce kada ta zo, babanta lafiyarsa ƙalau, taurin kai ne kawai.

Kafin ganyen bishiyoyi su gama zuba kwalbar ta yi rawaya, kifaye suka shigo gida. Teruo ya ɗaure murfin akwatin da jan zare, irin ƙullin da shi kaɗai ya iya, kuma duk ranar dubiya da ya dawo sai ya duba zaren kafin ya cire hula. Fumie ta samu izinin goge gilashin ta waje, tana yi har yana ƙara. Har yau ba ta gama yarda da masu gidan nan da ido ba ya gani ba. In ta zo wucewa takan tsaya ta shinshina akwatin, ta harare shi, ta sa hannuwanta biyu cikin aljihun riga, ta wuce.