Tashar da Malam Yake Cin Abinci da Ita

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ne. A ɗakina aka yi shi, a nan Azare.

Maigidana, Malam, mutumin Jama'are ne, dillalin shanu. Da Hausa muka yi zamanmu har muka tsufa. Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, sai Hausar ta tafi tare da hannun. Da ya farfaɗo, babu abin da ya rage a bakinsa sai Fillancin gidansu. Ni kuwa gaisuwa kawai na iya, da sunan nono da na ruwa. In na yi masa magana, sai ya dube ni kamar baƙuwa. In na kai cokali, sai ya datse haƙora.

Babban ɗanmu da ke aiki a Kano ya zo, ya sa aka kafa mana farantin talabijin a kan rufi, ya biya na shekara guda. Yana cikin laluben tashoshi sai ya faɗa kan wata da ake Fillanci. Dattawa ne zaune a tabarma suna hira, jifa-jifa a nuna garke. Malam ya juyo da kai. Kofin kunu na hannuna, na kai bakinsa, ya shanye bai sani ba. Tun daga ranar, sai tashar nan tana yi yake ci.

Ban san lamba ba. Maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar asibiti ce daga kudancin Bauchi, Sista muke ce mata, ita ta kawo jan farcen da take shafawa ranar Lahadi, ta ɗiga mini a kan rimot. Babban ɗigo, matsakaici, ƙarami. In danna su bi da bi, sai dattawan su fito.

Ana nan, ana nan, ran nan bayan azahar na dama kunu, na danna. Sai ga samari da gajeren wando suna bin ƙwallo. Na sake dannawa. Su ne dai. Malam ya dubi akwatin, ya dube ni, ya juya fuska bango.

Na ce a raina rasuwa aka yi musu. Dattawa ba sa tashi daga tabarma gaba ɗaya sai in an yi rashi. Na yi musu addu'a, na zauna jira. Na ce bayan sadakar uku za su dawo. Ba su dawo ba. Na ce ashe babban mutum ne, sai an yi bakwai. Kullum ina dannawa, kullum ƙwallo. Kunu ya huce, in ɗumama, ya sake hucewa. Ruwa kaɗai nake ɗiga masa ta gefen baki.

Sista ce ta leƙo ta ga wuyansa ya zama kamar kara. Da na gaya mata abin da nake jira, sai ta dafe kai.

"Iya, makokin wa? Ɗauko mayafinki."

Ta kai ni shagon masu farantin, a bakin kasuwa. Mai shagon ya latsa abinsa, ya ce, "Hajiya, kamfani ya cire tashar nan. Sun raba gari da masu ita."

Na ce, "Ina suka kai su?"

"Suna can inda suke, ta wajenmu ne ba za su fito ba. Amma ai an ƙara muku ta ƙwallo."

Sista ta ce, "To madalla. Sai ka ba mu takalma, Malam ya shiga fili."

"Haba Sista, ni ma sayarwa nake. Ba ni na hau sama na cire ta ba."

Na ce, "Ɗan nan, an biya shekara, kuma damina ba ta ko ƙare ba."

Ya ce, "Shekarar aka saya, Hajiya, ba tashar ba."

Na tsaya ina dubansa. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba. Na ce a gai da gida, muka fito.

Ɗana ya turo hirar Fillanci ta wayar Sista. Malam ya saurari abin yana ƙara a tafin hannu, bai ga kowa ba, ya rufe ido.

Sai na tare mai nonon da ke bi ta layinmu daga wata ruga ta hanyar Shira. Na ce ta shigo ta gai da tsoho. Ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa, ta durƙusa, ta soma. Ban san me suka ce ba. Ya amsa mata, har da wani sauti kamar dariya. Na kai cokali, ya buɗe baki. Ranar kasuwa take zuwa, ranar kasuwa yake ci da kyau. Sauran ranakun ni nake maimaita masa abin da na tsinta a bakinta, yana kallona, wani lokaci ya karɓi loma, wani lokaci a'a.

Da kaka ta wuce ciyawa ta bushe, sai mutanenta suka kora shanu kudu. Ta zo ta yi masa sallama.

Ga inda kowa ya ƙare. Malam bai kai watan azumi ba, yana kwance a maƙabartar bayan gari. Mai nono ta dawo da farkon ruwa, ta tsaya a ƙofa ta ga gadon babu kowa, ta aje mini man shanu, ta tafi. Sista an yi mata canjin aiki zuwa Misau. Mai shago yana nan, yana gaishe ni in na wuce. Ɗana ya ce a sauke farantin, na ce a bari shekarar ta cika. Ni kuwa bayan azahar nakan danna babba, matsakaici, ƙarami, in zauna. Samarin nan suna ta gudu, har ranar da akwatin ya ɗauke.