Jar Sobiyar Da Na Hana A Ɗanɗana

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina girgiza kai, yau ga nawa na kawo, sai dai ba zan kama sunan kowa ba. A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa, babban ɗa a gidanmu da ke Hindawiyya a garin Makka, ga saurin fushi, ga taurin kai, in na kafe a kan abu ko Baba sai ya yi da gaske. Kakanmu ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano ya zauna, mu duk a nan aka haife mu. Sana'ar Baba ita ce sobiya, abin shan nan da mutanen Makka ba sa jin sun yi buɗa-baki sai da shi. Ga wanda bai san ta ba, sha'ir ne da busasshen burodi ake jiƙawa su ɗan yi tsami, a tace, a zuba sukari da kirfa, a sanyaya, a ɗaura a leda. Akwai fara, akwai ja. Wasu kalar kanti suke zubawa, shi kuwa Baba da zoɓo yake rina tasa, kuma saboda jar nan ne duk azumi ake yin layi a gaban teburinsa tun daga la'asar.

Ni na tashi a gindin robobin nan. Ni ke ɗauka, ni ke wankewa, ni ke tacewa har hannuna ya yi kanta. Ƙanena kuwa ɗan makaranta ne, Hausar ma sai ya haɗa da Larabci kafin ya kai ƙarshen magana, ba ya leƙo mu sai an yi hutu. Don haka da hannun Baba ya fara rawa, ya ce bana ba zai iya haɗi ba, ban ko yi tunanin akwai wata magana ba, na ɗauka ni zan gaje shi. Sai kawai a cikin Sha'aban ya ce ni da ƙanena kowa ya haɗa jar sobiya tasa, zai kira abokansa tsofaffi su ɗanɗana. Abin ya sosa mini rai, amma na ce to, ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ranar da suka zo, bayan la'asar, aka shimfiɗa musu darduma a tsakar gida. Akwai wani dattijo aminin Baba daga unguwar Jarwal, akwai wani da iyayensa suka zo ta Sudan, mutumin da ya san zoɓo kamar yunwar cikinsa. Na kawo tawa ja wur, mai kauri, tana kama jikin kofi. Ƙanena ya kawo tasa, wallahi sai da na yi dariya, don jan nata bai kai ya kawo ba, kana hango gindin kofin ta cikinta. Tsofaffin suka kurɓa, suka sake kurɓa. Sai na Sudan ɗin ya ce gaskiya duka biyun ba su kai ta Baba ba, an sa rai da yawa an samu kaɗan. Ta ƙanena ta yi salam, ba ta da ƙarfi, tawa kuma ta cika nauyi. Baba ya karɓa ya ɗanɗana da kansa, ya ce haka ne, amma mutumin da ya wuni bai sa komai a cikinsa ba, mara nauyin ita ce za ta zauna masa lafiya, kuma abin da ya gaza ana iya ƙara masa, wanda ya wuce ne ba ya dawowa. A nan take ya ce ƙanena ya riƙe ja, ni in riƙe fara.

Ban iya cin abinci ba ranar. Ba zan ɓoye ba, kishi ne ya turnuƙe ni, irin wanda in ka ga mutum yana dariya sai ka ji kamar da kai yake. Azumi ya kama, muna tsaye a teburi ɗaya, kowa ya zo sai ya ce a ba shi ja, farar kuwa sai an yi ciko da ita. Tsofaffin unguwa suna shafa kan ƙanena suna cewa ɗan Baba ya gaji Baba, ni ina gefe ina ɗaura leda kamar ɗan aiki. Kullum aka sha ruwa sai in ɗebi tasa in kurɓa, ba don ƙishi ba, aibu nake nema. In juya ta a baki, in yamutsa fuska, in ce wa duk wanda ke kusa ruwan wankin kofi ne aka sa wa sukari. Abin haushin shi ne tana ƙara gyaruwa kullum, don yana zama gaban Baba yana tambaya, ni kuwa girman kai ya hana ni.

Baba yana da doka guda a sana'arsa. Mai haɗi ba ya yi wa kansa shaida, domin harshensa ya riga ya saba. Tunda da rana kowa na azumi ba mai iya sha, to bayan buɗa-baki ake ɗanɗana jiƙon gobe, kuma wani ne daban zai ɗanɗana. In ya ce ya yi, nan da nan a tace a sa a tallaja, wato firij, saboda zafin Makka ba ya wasa da jiƙo. In aka bar shi ya zarce lokacinsa sai ya juya, ya fara komawa abin da Allah ya haramta. Na san wannan tun ina yaro, ba wanda zai ce ban sani ba.

Da azumi ya kai tsakiya na kasa daurewa. Na sayi robobina, na kafa teburina a tsallaken titi, daidai inda ƙanena zai riƙa ganina, na ce zan nuna wa unguwa yadda jar sobiya take. Mahaifiyarmu ta yi ta roƙona, ta ce kar in raba wa Baba suna biyu, na ce ai shi ya fara rabawa. Da farko ciniki bai zo ba, waɗanda suka saya don kunya ma suka ce ba ta da wannan ɗan cizon da ta Baba ke da shi a harshe. Sai na ce to cizo kuke so, za ku same shi. Na bar jiƙona ya ƙara kwana a ɗakin sama, ban tace ba, ban sa a sanyi ba, kuma ban ba kowa ya ɗanɗana ba, don wanda zan ba ƙanena ne, ni kuwa da in miƙa masa kofi gara in zubar.

Washegari ina ɗaura leda sai ga shi ya tsallako. Ya tsaya kan robar, ya ga kumfa tana tasowa, ya sunkuya ya shaƙa, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya kira ni Yaya, cikin ladabi, ya ce don Allah kar in sayar, ta juya, in ina so ya ba ni rabin tasa in sa a teburina ba wanda zai sani. Wannan tayin ne ya ƙarasa ni. Na ce masa ashe har ya yi girman da zai yi mini sadaka, ɗan jiya da shi, ya ga za a fi shi ne ya zo da baƙin ciki. Na kore shi a gaban mutane. Gaskiyar magana ni ma hancina ya ji warin, amma na ce wa kaina ƙarfin zoɓo ne.

Wanda ya fi saya ranar shi ne dattijon nan na Jarwal. Ya zo wucewa, ya ga teburina ba kowa, tausayi ya kama shi, ya ce in ɗaura masa da yawa zai kai masallacin unguwarmu a sa a shimfiɗar buɗa-baki. Har addu'a ya yi mini. Da aka kira magariba ina can ina jiran yabo. Mutane suka ci dabino, suka ɗaga kofuna, sai na ga wannan ya furzar, wancan ya ajiye yana kallon na kusa da shi. Ladaninmu, tsoho mai rauni, ya riga ya shanye nasa saboda ƙishi. Ana cikin salla jiri ya ɗebe shi, ya zauna, a zaune ya ƙarasa. Ba wanda ya bugu, Allah ne shaida, amma magana ba ta tsayawa inda ta faru. Kafin a yi isha'i labari ya kai har unguwar Zahir cewa ɗan mai sobiya ya shayar da masu azumi giya a cikin masallaci, a garin Makka.

Mutane ba su tsaya bambance teburina da na Baba ba, gida ɗaya ne, suna ɗaya ne, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Layin nan ya watse. Ƙanena ya yi ta tsayuwa da jar sobiyarsa mai kyau har ta huce ba mai tambaya. Baba bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Sandarsa ya ɗauka, ƙanena ya riƙe masa hannu, ya bi gidajen waɗanda suka sha ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, yana cewa laifinsa ne da bai sa ido ba. Albarkacinsa ne ba wanda ya kai ni gaban hukuma. Na ce zan bi su, ya ce in zauna. Kafin ƙaramar salla ya sa aka shigar da teburinsa cikin gida, bai sake fitowa ba har yau.

Yanzu tasi nake ja, ƙanena yana aikin ofis, muna gaisawa lafiya, bai taɓa tayar mini da maganar ba. Abin da na koya shi ne kishi ba ya hana mutum ganin gaskiya, ganinta yake yi sarai ya kau da kai saboda bakin da ta fito. Ina jan kunnen duk wanda aka fifita ƙaninsa a kansa a wata sana'a, ya zauna ya tambayi abin da ya rage masa, kuma in wanda yake kishi ya ce masa tsaya, to ya tsaya ya duba. Baba ya ce ya yafe mini, na kuma yarda ya yafe. Amma har ya koma ga Allah, duk abin shan da na miƙa masa, ko ruwan Zamzam ne, sai ya kai hanci tukuna kafin ya sha. Bai ma san yana yi ba.