Ranar da Aka Kore Ni daga Ɗakin Allura

Ni tela ne a Limawa, kuma ni ne na jawo aka kai surukina gaban na'urar nan. Ba wanda ya sa ni.

Baffa, mahaifin matata, Bafulatani ne mai shanu a wani ƙauye kusa da Garki. Ciwon baya ya kama shi, yana sauka har ƙafar hagu, ta kai sallah ma a zaune yake yi. An yi ƙaho, an sha saiwoyi, ba sauƙi. Shi kuwa bai taɓa buɗe baki ya ce yana ciwo ba. A tafiyarsa iyalinsa suka gane.

Wani mai kawo mini ɗinki ne ya ba ni labarin wani ƙaramin asibiti a cikin Dutse, inda ake allurar mutanen Sin, siraran nan da ake kafawa a jiki ba tare da ruwan magani ba. Na faɗa wa matata, ta aika aka kawo shi. Abin da mutumin bai faɗa mini ba shi ne, ba hannun mutum ne ke kafa allurar ba.

Da muka shiga ɗakin, sai na ga wani dogon hannu na ƙarfe, fari, mai gwiwa biyu, a tanƙware bisa gado. A bakinsa akwai wani ɗan ido na gilashi. Na san abin da inji mai allura yake yi. Keken ɗinkina ya taɓa huda mini farce, kuma bai tsaya ba sai da na ɗauke ƙafa.

Likitan wani Babarbare ne mai furfura a gemu. Yana ganin Baffa ya washe baki, don tsakaninsu akwai wasa.

"A'a, yau bawana ne da kansa? Wa ka bar wa shanuna?"

Baffa ya ce, "Babarbare ne likita? Ashe mutane sun ƙare a garin nan."

Suka yi dariya. Ni ko murmushi na kasa.

Likita ya sa shi ya kwanta rub da ciki, ya damƙa masa wani ɗan madanni ja a hannu. Ya ce na'urar za ta duba bayan, ta kafa allurai, sannan ta riƙa sako wutar lantarki kaɗan-kaɗan tana ƙarawa. "In ka ji ta ishe ka, ka danna. A nan za ta tsaya."

Na ce, "Likita, in bai danna ba fa?"

"Akwai iyakar da ba ta wucewa."

"Ina ne iyakar?"

"Goma. Amma ba wanda ke kaiwa can, ka kwantar da hankalinka."

Ya ce zan iya jira a waje, na ce a'a. Ina tsoron in fita wani abu ya faru ba na nan.

Hannun ya sauko a hankali, yana wani ɗan ƙara kamar sauro. Ya tsaya, ya matsa, ya kafa ta farko. Na yi bisimilla a madadin injin, tunda shi ba ya yi. Haka na yi ta yi har allura ta takwas. Daga nan lamba ta fito a jikin wani allo. Ɗaya. Biyu.

A nan ne na tuna wata rana da na je gaishe shi a ruga, bijimi ya taka masa ƙafa ina kallo. Bai fasa tambayata mutanen gida ba. Sai da na tafi aka ga jini ya cika takalminsa. Wanzami yana jin nama ya ƙanƙame a ƙarƙashin hannunsa, ya sassauta ko ba a ce masa komai ba. Wannan abu kuwa madanni yake jira, kuma a hannun mutumin nan aka sa shi.

Biyar. Naman bayansa ya fara rawa a gindin allurai. Shida. Gumi ya tsattsafo masa a ƙeya.

Na ce, "Baffa, ko a danna?"

"Lafiya lau."

Bakwai. Na ga yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe. Babban yatsansa na hannu kuwa yana can gefe, ko taɓa madannin bai yi ba. Na fara ganin kaina ina mayar da shi gida a kwance, ina tsaye gaban matata da yayyenta.

"Likita, don Allah ka kashe! Wallahi ba zai danna ba!"

Ashe shi ma likitan hannunsa ya riga ya kai. Lambar ta tsaya a takwas, ta koma sifili. Ya dubi Baffa, ya dube ni.

"Kai ɗansa ne?"

"Surukinsa ne."

"Subhanallahi! Shi ne ba ka faɗa ba? To ai kai ne ciwon. Fita."

"In wani abu ya same shi, me zan ce a gida?"

Ya ja ni bakin ƙofa, ya rage murya. "Muddin kana tsaye a nan, ko gasa shi ake ba zai motsa ba. Ni zai iya zagina ya huce. Kai fa?"

Na fita, na zauna a benci jikin ƙofa. Sai na lura ƙofar katako ce marar kauri, kuma Baffa ya san ina nan. Na tashi ina jan takalmi da ƙarfi don ya ji tafiyata, har bakin titi inda masu adaidaita ke tsayawa. Ban taɓa yin tafiya mai wuya irin wannan ba. Duk wanda ya fito daga asibitin da sauri, sai in bi shi da kallo.

Bayan kamar rabin awa suka fito tare. Baffa na tafe da sandarsa, yana ce wa likita hannun ƙarfen ya fi shi ladabi. Da Baffa ya juya zai hau adaidaita, na dubi likita. Sai ya ɗaga mini yatsu huɗu a ɓoye.

A huɗu Baffa ya danna. Ina tsaye kuwa sai da ya kai takwas.

A hanya ya ce jibi za a dawo, kuma ba sai na bar ɗinkina ba, in sauke shi a ƙofa ya isa. Na ce, "To, Baffa." Sau shida na kai shi, sau shida ina tsaye a bakin titi.

Yanzu yana ruku'u, ko da yake a hankali. Ƙarin huɗun nan da ya sha saboda ni kuwa har yau suna damuna. Sau da yawa na yi niyyar in roƙe shi ya yafe mini. Amma in na roƙa, zai gane na san ya danna. Sai in gaishe shi, in tambayi shanu, in tashi.