Kunyar Ɗan Fari Ta Hana Ni Jinyar Ɗana

Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce a Azare, da 'ya'ya uku, maigidana yana sayar da hatsi a kasuwa. 'Yar Disina ce ni, daga gidan da ake ji da kara, kuma ni ce ake buga misali da ni a dangi wajen kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunan babban ɗana ba, sai dai in ce "kai" ko "yaron nan". Da aka yaye shi, ɗakin surukata Hajiya ya koma, ita yake kira Inna, ni kuwa Adda, kamar wata yayarsa. Ina jin daɗin yabon da ake yi mini, ba zan ɓoye ba.

Yana aji biyu a firamare kumatunsa ya kumbura. Muka ce hangum ne, aka shafa abin da ake shafawa, kumburin bai sauka ba, har haƙoransa suka fara girgiɗi. A asibiti aka duba aka ce ciwon daji ne, a kai shi Kano, kuma maganin zai ɗauki watanni. Ba a ma zauna an yi shawarar wanda zai je jinya ba. Hajiya ta ɗaure kayanta, ni na haɗa musu tabarma da kwanuka da filas. Da motar za ta tashi ban fito zaure ba, ina tsakar gida ina tankaɗen gari.

Mutane sun yi mana ƙoƙari, Allah ya saka musu. 'Yan kasuwa sun yi wa maigida karo-karo, dangin Bulkachuwa sun aiko da gero da man shanu, malamai sun yi addu'a. Mata kuma kullum suna shigowa su tambaye ni mai jiki, in ce da sauƙi, alhali ban san komai ba sai abin da maigida ya gutsura mini in ya dawo daga Kano ko ya buga waya a wurin mai lema na bakin titi. Suna fita suna cewa dubi ƙarfin halinta, kamar ba ɗanta ba. Ni kuwa ba ƙarfin hali ba ne. Ban jin komai ne kawai. Ina girki, ina shara, ina wa ƙannensa wanka, abinci a bakina kamar dusa.

Akwai maƙwabciyata, Kirista ce daga kudancin Bauchi, tana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Mukan tsokane ta da cewa ba ta iya gaisuwa ba, kai-tsaye take magana. Wata rana ta same ni ina wanki, ta tambaye ni yaushe rabona da ganinsa. Na ce ai Hajiya tana can. Ta ce, "Ban tambaye ki Hajiya ba." Na ci gaba da cuɗa rigar da ke hannuna. Washegari ta yafa mayafi ta je ta durƙusa gaban Alhaji, surukina, ta roƙe shi a bar ni in je, ta ce ƙananan za su zauna wurinta. Alhaji ya yi mamaki, ya ce shi bai taɓa hana ni ba, ni ce ban nema ba.

Da na isa asibitin a Kano na shiga ɗakin da aka kwantar da yara, sai da na wuce gadonsa, ban gane shi ba. Gashinsa duk ya zube saboda maganin da ake ɗura masa ta jijiya, wuyansa ya zama kamar sillen kara. Hajiya ta ga shigowata, ta ɗauki buta ta ce za ta yi alwala, ta daɗe ba ta dawo ba. Ya dube ni ya ce, "Adda, aiko ki aka yi?" Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne na kawo masa dambun nama, wanda ko haɗiyarsa ba ya iyawa. Na zauna a gefen gadon na riƙe ƙafarsa ta cikin zane. Na ce a raina gobe zan gaya masa, gobe zan kira sunansa. Kafin mako ya zagayo ya daina gane mutane, daga nan Allah ya karɓi abinsa.

A hanyar dawowa Hajiya ta gaya mini abin da har yau yake cina. Ta ce tun watan farko ƙafafunta suka kumbura da kwanan siminti, kuma yaron yana yawan kallon ƙofa, amma ta ji nauyin ta aiko a kira ni, kada ta keta mini kunyata a gaban dangi. Ni ina can ina yi mata kara, ita tana nan tana yi mini. A zaman makoki ma an yabe ni, wai ko hawaye ban yi ba.

Ban ce a zubar da kunya ba, tarbiyyarmu ce. Amma ciwo irin wannan ba ya jiran al'ada. In kun je dubiya gidan da yaro yake fama da ciwon daji, ku kai geronku da addu'arku, sannan ku nemi uwar da ta yi shiru a kusurwa, ku karɓar mata tukunya da ƙananan yara, ku ce mata ta tafi, don ita ba za ta nema da bakinta ba. Ke kuma 'yar'uwata, in an ba ki wannan damar, kada ki ajiye magana sai gobe. Shekaru ke nan ina riƙe da amsar da yaron nan ya nema, ba wanda zan ba. Ba aiko ni aka yi ba, ni na zo.