Shinkafar da Aka Zuba wa Agwagi

Kafin in raba muku madubin hangen nesa, ku sababbin masu sa-kai, ku saurara. Akwai wata safiyar Lahadi a watan Janairu da ta ƙi fita daga raina, kuma har yau in na tuna ta sai zuciyata ta tafasa.

Sana'ata tura kaya ce, ofishina yana wajen unguwar Guangyuan, a nan ƙasar Sinawa. Amma ni ɗan Haɗejiya ne, a bakin fadama na tashi, don haka da na ji ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a nan duk lokacin sanyi, na shiga. Tsarin ba shi da wuya. Akwai shugabar ƙidaya, Malama Lin, wata tsohuwar malamar makaranta. A ƙarƙashinta akwai shugabannin yanki, kowanne da masu ƙirga da mai rubutu. Rana ɗaya ake fita, lokaci ɗaya ake farawa, don kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. Ba a tsallake iyakar yanki. Ba a kiran tsuntsu, ba a korarsa, ba a ba shi abinci. In ba ka ga komai ba, ka rubuta babu, ka sa hannu.

Na yi shekaru ina ƙirga a ƙarƙashin wasu kafin Malama Lin ta yarda ta ba ni yanki na kaina, da izinin in kawo mutanena. A ƙofar Masallacin Huaisheng na tattaro su bayan Juma'a, da roƙo da lallashi. Cikinsu har da Alhaji Sabi'u, dillalin tufafi a kasuwar Shahe, mutumin da ya ba ni ɗaki lokacin da na sauka garin nan ban san kowa ba. Ban taɓa yi masa musu ba.

Yankin da aka ba mu wani tafki ne can kusa da bakin teku, ana ta cike gefensa da ƙasa. Malama Lin ta gaya mini dalili ƙarara. Agwagin wurin suna raguwa kowace shekara, kuma rahotonta yana zuwa hannun masu kula da fadamu. Ta ce, "In sun ƙare, ina so a ga sun ƙare."

Mako ɗaya kafin ƙidaya muka je duba wurin da Alhaji. Ruwa shiru, ko balbela babu. Ya dube ni ya ce, "Habu, nan aka ba ka? Raini ne wannan."

Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, Allah ya rufa asiri." Na amsa da amin.

Ranar ƙidaya muka iso da sanyin safiya, sai ga tafki maƙil da agwagi da kajin ruwa. Mutanena suka hau murna, ni ma na fara ƙirga baki har kunne. Ana cikin haka shugaban yankin da ke maƙwabtaka da mu ya kira ni a waya, ya ce agwagin da ya saba samu sun ɓace, ko na ga inda suka nufa? Na gangara bakin ruwa. Shinkafa ce mai ɓawo warwatse cikin taɓo, ga buhunta an cusa cikin ciyawa.

Na ɗago, Alhaji yana tsaye yana murmushi kamar wanda ya biya wa wani kujerar Makka.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Tun ranar da muka zo nake aiko direba yana zubawa," in ji shi. "Asiri na rufa maka. Karon farko a ba baƙar fata aiki, ya koma ya ce musu meyo da yarensu, wato babu? Ba a gabana ba."

"Ai meyo ɗin ake nema, Alhaji."

"Kai yaro ne. A Shahe in lawban mai shago ya ce maka meyo, ka san kaya suna sito, lallashi ake yi su fito. Kuma ciyar da tsuntsu sadaka ce. Ka rubuta abin da idonka ya gani, wa ya ce ka yi ƙarya?"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi ƙona mini rai, domin tana da kama da gaskiya. Da na rubuta, ba wanda zai sani, yankina kuma ya zauna. Sauran mutanena duk sun zuba mini ido, na san abin da suke so in yi. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, nan ba kasuwa ba ce." Na kira Malama Lin.

Da ta zo, ta tsuguna ta ɗebi shinkafar, ta murza a tafin hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce ƙidayar yankina ta bana ta lalace, ta maƙwabcina ma ta lalace, tunda agwaginsa muka janye. Sannan ta ce, "Bana ce shekarar da na fi buƙatar babu ɗinka." A ranar aka karɓe yankin, aka mayar da ni mai ƙirga.

A mota Alhaji ya juye mini nasa fushin. Wai na tona masa asiri a gaban mace, a gaban Sinawa, bayan duk abin da ya yi mini. Har yau haka yake ba da labarin a Shahe, shi ne mai alheri, ni ne butulu. In mun haɗu a masallaci, yatsu biyu yake miƙo mini.

Tafkin kuwa an gama cike shi, sito ne a wurin yanzu. Ba zan ce muku kalmarmu ɗaya ce za ta cece shi ba, ban sani ba. Abin da na sani, shekarar da ya kamata a rubuta cewa agwaginsa sun ƙare, ba a rubuta komai ba, kuma mu muka jawo. Na taɓa loda kwantena a siton nan, ban iya cin abinci ba ranar.

Abin da na koya shi ne, mu mutane ne masu jin kunyar komawa hannu rabbana, kuma wannan kunyar ba ta da wuri a aikin nan. Wanda zai ɓata maka ƙidaya ba maƙiyinka ba ne, mai ƙaunarka ne da ya ƙi jin doka. Sai da na sake yin shekaru kafin a dawo mini da yanki, kuma ba zan sake rasa shi don wani yana so ya rufa mini asiri ba.

Don haka kafin mu hau mota, kowa ya buɗe jakarsa in gani. Har ku dattawa.