Injin Kafe Don Hannun Hagu

Labbo ɗan Zongon Parakou ne, nan aka haife shi kamar yadda aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya zo daga arewa da fataucin kanwa da goro, ya ga wurin zama ya zauna. Duk gidansu 'yan kasuwa ne, kowa da rumfarsa, shi kaɗai ya ƙi zama wuri ɗaya. Tun yana saurayi ya bi manyan motoci, ya yi yaron mota, har ya zama direba. Ya yi shekara da shekaru yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Cotonou, ya ratso Parakou, ya haura Malanville, ya tsallaka gada ya shiga Nijar. Dogon mutum ne marar yawan magana, in kuwa ya sa abu a gaba ba ya jin kira. Ba ya shan taba, ba ya cin goro, har 'yan'uwansa na yi masa tsiya wai jikan mai goro ya ci amanar gida. Abinsa ɗaya ne, kafe, wato gahawa.

A hanya ya koyi sha, irin na gwangwani da direbobi ke kora barci da shi. Wata tafiya da ya yi Togo aka ba shi na ainihi, wanda aka soya ƙwayarsa aka daka, tun daga ranar na gwangwani ya fita ransa. Ya riƙa sayo ɗanyar ƙwaya a ɗan buhu yana kawowa gida.

Matarsa Safiyatu 'yar Djougou ce. Lokacin da aka kawo ta ba ta taɓa ganin ƙwayar kafe ba, ta ɗauka wani irin wake ne, ta jiƙa shi za ta dafa. An daɗe ana dariyar wannan a gidan. Amma kafin a jima babu mai kama ƙafarta wajen haɗa shi. Takan soya a tsohon kasko bisa gawayi, ta ƙamshi take gane ya yi, ba ta launi ba. Ta daka a ɗan turmi da kimba da kanumfari kaɗan, ta tafasa, ta tace da farin ƙyalle. Ita ba ta sha, ta ce ɗaci gare shi. Nata dai ta miƙa masa in ya dawo daga masallaci da safe, ta tsaya har ya yi kurɓin farko, sannan ta koma aikinta. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Shakira, tana aure can Libreville.

Shekarar da aka rufe iyakar Nijar motoci suka yi layi a Malanville, kaya na lalacewa a cikinsu. Mai motar da Labbo ke ja ya jira har ya gaji, ya sayar da ita. Labbo ya zagaya garejojin da ya sani, ko'ina a tarbe shi da girmamawa, a ba shi kujera, a ce za a kira shi. Ya gane babu mai neman sabon direba mai furfura. Ya dawo gida ya zauna.

Ana cikin haka wata rana da hantsi Safiyatu ta sunkuya za ta ɗauki bokitin wanki, ta faɗi. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Ta dawo gida da ƙafa tana ja, hannun dama kuwa ya mutu murus, maganarta ta yi nauyi, sai mutum ya saurara da kyau.

Wata safiya Labbo ya dawo daga masallaci bai same ta a kan gado ba. A madafi ya tarar da ita zaune a ƙasa, turmin ya kife, ƙwayar kafe ta watse ko'ina.

Ya ce, "Maman Shakira, me ya fito da ke?"

Ta ce, "Kafenka."

Ya ɗauke ta ya mayar ɗaki. Ba ta yi kuka a asibiti ba, amma ranar ta yi. Washegari ya hura gawayi ya gwada da kansa. Daga ɗaki ta ce, "Malam, ka ƙona." Ya ƙona ɗin kuwa. Ya zubar, bai sake ba.

Bayan 'yan makonni ya je wani ofishin masu fito da kaya neman aiki. Yana zaune yana jira, ya ga sakatariya ta ajiye kofi a ƙarƙashin wani baƙin inji, ta danna da yatsa ɗaya, ɗayan hannun riƙe da waya a kunne. Injin ya yi gurnani, ya niƙa ƙwayar da kansa, kafe ya zubo. Aikin bai samu ba, amma Labbo ya fito da tunani guda: da akwai irin wannan a gida, Safiyatu za ta iya da hannun hagu. Ita ce za ta ci gaba da miƙa masa kafe kamar da.

Bai gaya mata ba. So yake ta buɗe ido kawai ta gan shi.

Ya fara zagayen shagunan kayan lantarki da ke kewayen kasuwar Arzèkè. Duk shagon da ya shiga sai ya cusa hannun dama a aljihun riga, ya riƙa taɓa kaya da hagu. Wasu suka ɗauka nakasa ce, wasu suka ɗauka taɓin hankali. Wanda ya saurare shi Mansour ne, mai sayar da kayan gida da aka yi amfani da su a Turai, firiji da tanda da injin wanki jibge har rufi.

Mansour ya fara nuna masa wani ƙarami mai kyau. Ya ce, "Wannan ba wuya, Baba. Ka jefa ɗan ƙoƙon garin kafen nan ka danna."

"Ƙoƙon a ina ake samu?"

"Cotonou. Wani lokaci ma sai an jira."

"Ajiye shi. Ina da ƙwayata."

Mansour ya kawo wani mai mariƙi da ake cika wa gari a murɗa. Labbo ya gwada murɗawa da hagu, injin ya zame a kan tebur. Ya girgiza kai.

Mansour ya ce, "Baba, hannun naka lafiya yake, na ga da shi ka ba ni hannu. Wa za ka saya wa?"

Labbo ya gaya masa. Mansour ya jawo masa kujera. Ya ce abin da yake nema shi ne wanda ke yin komai da kansa, daga niƙa har tacewa, kuma yana da guda biyu. Na farko fuskarsa gilashi ce irin ta waya, rubutun da ke fitowa Jamusanci ne. Labbo ya tuna yadda yatsan Safiyatu ke rawa, ya ce a'a, maɓalli yake so wanda za a ji shi a yatsa. Na biyu yana da maɓallai, amma tankin ruwansa a baya yake, sai an juya injin an ɗago shi sama. Shi ma a'a.

Mansour ya gargaɗe shi da abubuwa. Ruwan rijiya zai toshe shi. Wutar unguwa tana hawa tana sauka, dole a haɗa masa na'urar daidaita wuta. Kuma kada a kuskura a zuba kimba ko kanumfari a wurin niƙa, zai cije. Wannan na ƙarshe ya dami Labbo, amma ya ce a ransa ana iya barbaɗawa daga baya.

Haka ya yi ta sintiri. Yau Mansour ya nuna masa hotuna a waya daga abokan cinikinsa na Cotonou, gobe ya ji labarin wani shago a wata unguwa ya hau babur ɗinsa ya tafi. Wannan ƙararsa ta yi yawa, za ta firgita marar lafiya. Wancan wurin zubar da tukar kafen yana da tauri. Yakan fita da hantsi, ya roƙi matar maƙwabci ta riƙa leƙa Safiyatu, ba ya dawowa sai la'asar. In ta tambaye shi ina ya je, ya ce kasuwa.

Wata ranar Talata ya dawo ya tarar da takalman baƙi a ƙofar ɗaki. Nouhou ne, yayan Safiyatu, ya zo daga Djougou ba sanarwa. Ya same ta ita kaɗai, kofin ruwa ya faɗi inda hannunta ba ya kaiwa, tun safe ba ta sha komai ba, matar maƙwabcin ta tafi suna.

Nouhou bai ɗaga murya ba. Bayan sun gaisa ya ce, "Labbo, an ce mini kullum kana fita. Aiki ka samu?"

"A'a, Yaya."

"To ina kake zuwa?"

"Kasuwa."

"Sayen me?"

Labbo ya buɗe baki, ya ji in ya faɗi injin kafe a gaban kofin nan da ke ƙasa, gara ma shirun. Ya sunkuyar da kai.

Nouhou ya ce, "Zan tafi da ita gida. Housseina na nan, za ta kula da 'yar'uwarta. Ba faɗa ba ne. Jinya sai mata."

Safiyatu ba ta ce za ta ba, ba ta ce ba za ta ba. Washegari aka sa ta a mota.

Bayan tafiyarta da mako biyu Mansour ya kira. An samu wanda ya dace: maɓallai manya, tanki ana zaro shi ta gaba kamar aljihun tebur, ƙara kaɗan. Labbo ya sayar da babur ɗinsa ya karɓo injin, da na'urar wutar, da jarkar tataccen ruwa. Ya shiga motar haya ta Djougou. Yaran tasha suka so ɗaure kwalin a sama, ya ƙi, ya rungume shi a cinya. Tun daga garin Tourou ƙafafunsa suka mutu, bai sauke ba har suka isa.

A gidan surukansa aka tarbe shi da mutunci, amma a sanyaye. Ya roƙi Housseina, ƙanwar Safiyatu, ta kawo ɗan tebur kusa da gadon. Ya haɗa komai, ya zuba ƙwayar da ya sa aka soya masa a Parakou. Matan gida da yara suka cika ƙofa. Ya kama hannun hagun Safiyatu ya kai kan maɓallin.

Ya ce, "Danna nan."

Ta danna. Injin ya niƙa, ya yi shiru, kafe ya zubo da kumfa a samansa. Yara suka yi ta dariya, wata tsohuwa ta yi salati da yaren Dendi. Safiyatu ta ɗauki kofin da hagu, ta miƙa masa. Ya karɓa ya kurɓa.

Da mutane suka watse ta ce, "Wannan ne kasuwar?"

"Shi ne."

"Ina kwance ina jin tashin babur ɗinka. Na ce ka gaji da ganina ne."

"Don ke na yi."

"Na gani." Ta huta, don doguwar magana na gajiyar da ita. "Da ka zauna ka riƙe mini turmin, da na daka da hagu."

Can ta ce, "Ya yi daɗi?"

Bai taɓa yi mata ƙarya a kan kafe ba. Ya ce, "Ya yi."

Ashe kafen ya yi daɗi ba tare da suyarta ko dakanta ba. Ta juya fuskarta ga bango.

Ba ta sake taɓa maɓallin ba. Labbo ya kwana uku, ya koma Parakou, ya kasa zama a ɗakin. Ya kulle shi, ya ba ƙanensa makulli, ya dawo Djougou ya kama hayar ɗaki a bayan gidan Nouhou. A Zongo an yi ta magana, wai namiji ya bi mace gidansu. Wani mai sayen yazawa ya ɗauke shi gadin sito da rana.

Sun gwada turmin. Ya aro na Housseina, ya zauna a ƙasa ya riƙe shi tsakanin ƙafafunsa, ta kama taɓarya da hagu. Ta ɗaga sau kaɗan, taɓaryar ta suɓuce. Suka sake washegari, da wata rana kuma, daga nan ba wanda ya ƙara ta da zancen. Injin ya zauna a kan teburin an rufe shi da zane, har Housseina ta buƙaci wurin don magunguna, aka mayar da shi kwalinsa aka tura ƙarƙashin gado. Shi kuma Labbo ya koma shan ruwan zafi da lemun tsami da safe.

Da damina ciwon ya sake bugun Safiyatu, wannan karon ya tafi da maganar gaba ɗaya. Nouhou ya kawo wani mai magani daga Sérou, aka yi shafe-shafe da turare, ba a ga canji ba. Shakira ta yi ta kira tana kuka, takardun tafiya sun ƙi fitowa.

Yanzu a unguwar ba a san sunansa sosai ba, mijin Safiya ake ce masa. Kowace safiya kafin ya tafi sito yakan shigo, ya taya Housseina juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ranar Juma'a ya yanke mata farce. Nouhou ya sauko, har sukan zauna tabarma ɗaya a zaure, ko da yake hirar ba ta tsawo.

A zuwansu asibiti na baya-bayan nan likita ya ja Labbo gefe, ya gaya masa da Faransanci cewa kada su sa ran za ta fi haka, a dai kula da abinci da tsafta. Labbo ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya. Da suka dawo gida ya taimaka aka kwantar da ita, sannan ya fita sayo sabulun da Housseina ta ce ya ƙare.